Takardar Ƙasa

Ciyawar Madam Adetoun ta yi rawaya
tun bayan ƙaramar Sallah.
Na ba ta yuriya, ta ƙara ƙonewa.
Na ba ta kamfa, ta zuba min ido
kamar an miƙa wa jaki kilishi.

Sai Madam ta kira wata yarinya daga Yaba,
Morenike, mai tabarau da ɗan bokiti.
Ta ce in haƙa wuri goma sha biyu,
zurfin taƙi guda:
gindin katanga, bakin famfo,
inda kare yake kwana,
inda direba yake juye ruwan wankin mota.
Muka cuɗa su wuri ɗaya,
ta ƙulle a leda, ta manna suna,
kamar jinin mara lafiya za a kai asibiti.

Kafin ta ƙulle na lashi kaɗan.
Ta yi dariya har tabarau ya zame.
Ban gaya mata ba, haka Baba Nagoma yake yi a Dayi,
ya durƙusa, ya ɗanɗana, ya tofar,
ya ce nan gero, nan gyaɗa,
can kuwa ku ƙyale ta bana ta huta.
Harshena ya ce min: tsami.

Kwana tara takarda ta iso.
Mai gadi Sunday ya karanta min a ƙarƙashin fitilar ƙofa,
yana bin layi da farce.
Tsami, biyar da ɗigo ɗaya.
Supa ta ishe ta, kada a ƙara.
Potash ne babu.
Sauran duk yashi,
yashin da aka yaso daga gindin ruwa
aka shimfiɗa, aka ce masa Lekki.
Ashe ba rowa take yi ba,
ƙasar ce ba ta da tafin hannun riƙe abinci.

To, an ce farar ƙasa tukuna.
Na auna da gwangwani, na bi filin taki-taki,
sau ɗaya daga gabas, sau ɗaya daga kudu,
don kada wani lungu ya ce na yi son kai.
An ce jira mako huɗu.
Jiran nan ya fi haƙa wuya.
An ce taki kaɗan-kaɗan, kamar kunun jinya,
kuma in hadari ya haɗo daga teku, ɗaure bakin buhu,
ruwan Ikko ba ya barin bashi,
zai kwashe duka ya kai wa kainuwa a lagun.
Na ɗaga wuƙar injin aski zuwa yatsa uku.
Na daina kwashe ɓarɓashin, na bar mata kayanta ta ci.
Ban ruwa da asuba kawai,
kafin janaretan maƙwabta ya yi tari.

Yanzu ta yi kore shar.
Jikokin Madam suna birgima a kai ba takalmi,
baƙi suna ɗaukar hoto.
Babu akuya ko ɗaya da za ta taɓa sa baki.
Shekara talatin ina nome ciyawa a gonar ubana,
yau ni ne mai yi mata awo.

Jiya Sadau ƙanena ya bugo waya.
Masara ta yi rawaya, in ji shi,
buhu biyu ya zuba, kuɗin raguna biyu,
ba ta ko motsa ba.
Na tambaye shi, ka lasa?
Ya yi shiru, layi ya katse.

Na tambayi Morenike nawa take karɓa
in ƙasar ba ta gidan masu kuɗi ba ce.
Ta faɗa. Na ƙirga a zuci, ya kusa albashin mako.
Na wanke gwangwanin madara, na kife a taga ya bushe.
In na je gida da babbar Sallah
zan haƙa wuri goma sha biyu,
in fara daga gindin ɗorawar nan
inda Baba yake zama ya cire takalmi.