Littafin Aljihun Mota

Sanyin Janairu a Tarnów ba ya sallama,
kuma tsakaninsa da batir ɗina tsohuwar gaba ce.
Na murɗa makulli, ta yi tari sau uku,
ta yi gum, kamar wadda aka ɓata wa rai.
Maƙwabcina Lucjan ya fito da wayoyinsa, ja da baƙa,
da rigar barci a ƙarƙashin kwat.
Bai ce uffan ba. Karo na huɗu ke nan a bana.

Shekararta ashirin da ɗaya.
Ba babba ba ce, ba ƙarama ba,
daidai mutum biyar da buhun dankali biyu,
in ji Bogumil ranar da ya shigo da ita gida.
Ya bar mini ita, ya bar mini littafi mai shuɗin bango
a aljihun gaba, ƙarƙashin tsohuwar taswira.

Baƙin mai da filta: zuloti ɗari da tamanin.
Birkin gaba: ɗari uku.
Lagireto ya fashe a hanyar Zakopane:
ɗari bakwai, ban da kwanan masauki.
Kuloci: dubu biyu da ɗari ɗaya.
A nan ya ja layi biyu, har biro ya huda takarda.
Daga shafi na sha tara rubutun ya kwanta gefe.
Wannan nawa ne.

Garejin Wieslaw yana bayan tashar jirgin ƙasa.
Ya ɗaga ta sama kamar ragon da za a feɗe,
ya soka sukudireba a cikinta,
tsatsa ta zubo masa a kafaɗa kamar garin kofi.
Ya ce, gishirin da suke watsa wa titi ne,
yana narkar da ƙanƙara, yana cin ƙarfe a hankali.

Sai ya shiga ƙirga da yatsu masu baƙin mai:
walda a ƙasa, dubu ɗaya da ɗari huɗu,
shakazoba biyu na baya sun mutu tun kaka,
salansa ta huje, shi ya sa take gurnani,
taimin bel kuwa, in ya tsinke kina tafiya
injin ya gama yawo, sai 'yan gwangwan.
A canja shi tare da famfon ruwa, kada a buɗe sau biyu.
Yatsun suka ƙare kafin lissafin ya ƙare.
Dubu huɗu da ɗari shida.

Na ce, nawa za a saye ta yau?
Ya goge hannu, ya dubi rufin kwano.
Dubu uku, in mai sayen bai leƙa ƙasa ba.
Fanshona bai kai haka a wata ba,
kuma ɗiyata Jagoda kullum a waya:
Mama, kwando kike zuba wa ruwa.
Ta yi gaskiya. Ni na koya mata lissafi.

Da ya sauke ta ya zauna zai tayar,
ya ce, kujerar nan ta cije a can baya,
yaya ƙafarki take kai wa totur?
Na nuna masa matashin da nake jingina da shi.
Ya ce, ɗan mai kawai, minti biyar, kyauta.
Na ce, bar ta.
Bogumil dogo ne.

Na biya na bel da famfo.
Walda ta jira albashin Maris,
salansa ta jira bazara, maƙwabta su yi haƙuri.
A bakin gida na kashe ta, tana ƙas, ƙas, tana hucewa.
Na hura wa yatsuna iska, na buɗe shafi na ashirin da shida:
Taimin bel da famfon ruwa, dubu ɗaya da ɗari biyu.
Kujera, ba a taɓa ba.