Ɗanyen Hoto

Kati ne ɗan mitsitsi, bai kai farcen babban yatsa ba.
A aljihun jallabiyar Lawwali na same shi,
kwana tara da kai shi makwanci.
Na sa a waya, waya ta yi jim,
ta nuno farin fili da ɗan rubutu a ƙasa:
ita ba ta san wannan ba.

Na kai wa Mu'awiya, can bayan Bab Makka,
shagon da fanka ke tari ba ta ba da iska.
Ya gyara tabarau, ya leƙa na'ura, ya ce,
"Baffa, ai ɗanye ne.
Kyamara da yarensu na gida ta rubuta,
ita da danginta kaɗai ke karantawa.
Sai an juya shi zuwa wanda kowace waya ke ji."

Na ce, juyin ba ya cin komai?
Ya ce, "Yana ci mana.
Nauyi zai ragu, fuska tana nan, launi yana nan,
amma abin da ya laɓe cikin inuwa,
in aka juya, ya tafi ke nan."

Na zauna kan wani bokitin fenti da aka kife.
Shekara talatin da ɗaya ina Jidda,
na san irin wannan juyi.
Ɗanjuma uwata ta kira ni.
A takarda Jum'a aka rubuta,
don bakin ma'aikaci ya huta.
Sauran sunan ya faɗi ƙarƙashin tebur,
ban duƙa na ɗauka ba, layi na da tsawo.

Na ce, kafin ka juya, buɗe mini inuwar.

Hoto na sha bakwai.
Inna Tabawa a saman bene tana tsince shinkafa,
faranti a cinya, mayafi ya zame kafaɗa,
bayanta ɗaki baƙi ƙirin.
Mu'awiya ya ja wani ɗan ɗigo daga hagu zuwa dama,
duhu ya fara sakin jiki
kamar ƙullin igiya da aka jiƙa.
Ga buta. Ga ƙusa da carbi rataye.
Ga gilashin taga,
cikin gilashin ga mutum, kyamara a fuska,
ido ɗaya a rufe, hula ta karkace.

Lawwali.
Shekara ashirin yana ɗaukar bukin mutane,
suna da walima da masu komawa gida,
bai bar mana nasa ko ɗaya ba
sai na jikin iƙama,
wanda ko shi bai yarda shi ne ba.

Mu'awiya bai ce komai ba.
A waje motar ruwa tana ta hon,
wani yana cinikin caja da Larabcin da bai nuna ba.

Na ce, to, yanzu juya.

Ɗari biyu da sha huɗu ne.
Koren layi ya riƙa cika a hankali,
haruffa uku na ƙarshen kowane suna suka sauya,
shi ke nan, wai an gama.
Riyal ashirin ya ce. Na miƙa, ya maido goma,
ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Tun a bakin shagon na tura wa Hakama a Gusau.
Ta buɗe, wayarta tsohuwa ce amma ta buɗe.
Saƙon murya ya dawo, minti ɗaya da rabi,
babu magana ciki,
sai numfashi, da akuya tana kuka daga nesa,
can ƙarshe ta ce, "Hular nan ni na saka masa."

Katin kuwa ban yar ba.
Na naɗe shi a takardar burodi,
yana bayan iƙamata cikin walat.
Masu sauƙin sun tafi, suna yawo waya zuwa waya.
Ɗanyun suna nan da nauyinsu,
inuwa ɗari biyu da sha uku
da ban buɗe ba tukuna.