Kwanson da Ya Ƙi Fita

Laraba ce, a rumfar kwano ta bayan bariki,
ruwan Agusta na dukan rufi kamar mai bin bashi,
sai ga Laminu kurtu, bindiga a rungume
kamar uwar da ɗanta ya haɗiye kwabo.

Ta ci, ta ƙi amayarwa, Saja.

Saja Tanimu bai ko dube shi ba.
Ya zare gidan harsashi, ya juya bakinta ga bango,
ya leƙa, ya sake leƙawa.
Bindiga, in ji shi, ko ta rantse cikinta wayam,
kada ka gaskata ta.

Kwanson na can ya lafe, ruwan toka.
Ƙarfe ne, ya ce, ba tagulla ba.
Tagulla tana da kunya:
wuta ta kumbura ta, ta koma, ta ba da hanya.
Ƙarfe kuwa, in ya tarar da ɗaki da dauɗa,
sai ya miƙe ƙafa ya ce gidan ubansa ne.

Sanda siririya ya zura ta baki.
Ƙwas. Ƙwas.
A na uku kwanson ya faɗo,
ya gangara ƙarƙashin benci yana ƙara.

Laminu ya miƙo hannu zai karɓa.
Tsaya.

Daga gwangwanin madara mai tsatsa
Saja ya fito da ma'auni biyu, tagwaye,
in ba ka sani ba sai ka ce ɗaya ne.
Tsakaninsu ratar da ba ta wuce silin gashi ba,
amma a nan, ya ce, idon mutum yake zaune.

Na farko ya shiga, ƙofa ta rufu lumui.
Na biyu ya shiga, ƙofa ta cije, ta ƙi.
Saja ya saki numfashi.
Ƙin nan nata shi nake nema.

Lafiyarta lau. Kai ne ba ka yi mata wanka ba.

Laminu ya yi dariya, ni ma na yi,
har idonsa ya sauka kan hannun hagun Saja
inda babban yatsa ya tsaya a rabi,
fatar wurin sumul kamar ƙoƙon da ya sha hannu.
Bai tambaya ba.

Ruwa ya tsagaita wajen la'asar,
Kufena ta fito daga gajimare a jiƙe.
Saja ya goge tagwayen da mai,
ya mayar gwangwani,
ya danne murfin da abin da ya rage masa na yatsa.