Ƙwallo Ashirin da Huɗu

A Jega, bayan tashar motocin Aliero,
shagon Labbo mai gyaran rediyo
yana da teburi guda, ƙafarsa ɗaya gajera,
an tokare ta da kwalin batir.
Nan muke zama bayan isha'i,
fitilar caji a bisa buhun albasa.

Ɗan ƙanwarsa ya zo da abin cikin 'yar jaka:
ƙwallaye ashirin da huɗu, baƙaƙe, sumul,
kamar ƙwayar tsamiyar da yaro ya tsotse,
da jan zare mai kulli.
Ya ce akwai mayen ƙarfe a cikinsu.
Labbo ya yi tsaki:
shekara talatin ina zaƙulo shi daga cikin lasifika,
yau za ka gabatar mini da shi?

Dokar ba ta da tsawo.
A shimfiɗa zaren, ya yi da'ira,
kowa ya ajiye nasa ciki, bi da bi.
In naka ya jawo na wani suka manne,
ka kwashe su duka, kayanka ya ƙaru.
Wanda tafinsa ya fara zama wayam, shi ya ci.

Mu huɗu ne: ni, Labbo,
sai Nomau da ƙaninsa Arzika,
da suka yi rani biyu ba gaisuwa
a kan injin ban ruwa da tsohonsu ya bari.
Shago ɗaya suke zuwa, don ba wanda zai bar wa wani,
saƙo kuwa ta bakina yake bi:
gaya masa ya matsa da ƙafarsa.

Da fari fili ya wadata.
Nomau ya ajiye gabas, Arzika ya ajiye yamma,
kamar yadda suka raba fadama.
Ni na sa nawa tsakiya, wurin da na saba zama.

Amma zare ba ya ƙara tsawo.
Zagaye na uku, numfashi ya koma ta hanci.
Labbo, da ke lalubo wayar da ta fi gashi siranta,
sai ga yatsansa yana rawa.
Babur ya wuce, teburin ya girgiza,
ƙwallo ɗaya ya juya kai
kamar akuyar da ta ji motsin dusa,
ya tsaya.

Saura ɗaya a hannun Nomau.
Ya duba, ya sake dubawa,
ba sauran wuri sai yamma,
dab da na ƙaninsa.
Ya sauke shi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai a kan tsini,
ya janye yatsa,
ya fara murmushi.

Ƙas!
Sai ƙas, ƙas, ƙas,
bakwai suka ruga suka ƙanƙame juna,
har nawa na tsakiya bai tsira ba.

Shiru.
Sauro kawai, da janareton mai shayi can nesa.

Arzika bai dube ni ba.
Ya dubi wansa, ido cikin ido, ya ce:
mi kaka jira? Kwashe kayanka.
Dariyar da ta kuɓuce wa Nomau
ta sa kwalin batir ya zame,
sauran ƙwallayen suka bi gangara
suka shige ƙarƙashin gawarwakin rediyo.

Muka durƙusa muna lalube, dattawa huɗu,
gwiwoyi suna ƙara.
Muka ƙirga: ashirin da uku.
Muka sake: ashirin da uku.

Da hantsi Nomau ya same shi a aljihu,
manne da makullin ɗakin injin.
Hanyar shagon Labbo miƙe take daga gidansa,
amma yaran unguwa sun ce
sun gan shi ya yanke ta lungun Arzika,
makullin yana lilo a yatsa.
Ban tambaya ba.
Ni dai yau ba wanda ya ba ni saƙo.