Tanderu da Ma'auni

Shekara talatin ina manna gurasa a tanderu,
Jakara ta san hayaƙina tun kafin assalatu.
Ni Tasalla, da na ciyar da 'yan dako da masu tireda,
yau ga ni a layin Asibitin Murtala riƙe da kati,
wata uku ƙishirwa na tashina cikin dare.

Ma'auni bai san kunya ba.
Na hau, ya ce casa'in da shida.
Likita ta ce sukari ya yi ambaliya a jinina.
Na ce, 'yar nan, ni ko alewa ba na sha.
Ta ce, Inna, fulawar fa?
Farar shinkafar fa, da malmala ukun dare?

Sai ta zana kwano a bayan takarda.
Rabi na ganye ne, in ji ta,
zogale, rama, kabeji, duk wanda kasuwa ta wayi gari da shi.
Saura a raba biyu,
gefe wake ko kifi,
gefe tuwo, kada ya wuce dunƙulen hannunki.
Na dubi hannuna.
Ban taɓa ganin ƙanƙantarsa ba sai ranar.

Makon farko da kowa na yi faɗa.
Shayi ba sukari, kamar gaisuwar mai bin ki bashi.
Bandashe na ƙamshi a gabana, ƙuli da man gyaɗa,
in ƙulla wa mai saye, in haɗiye yawu,
ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

A bikin 'yar Ladidi aka dire min lemon kwalba.
Na ce a ba ni ruwa. Ɗaki ya yi tsit.
Wata ta ce rowar kai ce,
wata ta raɗa, ko Haladu ya daina cefane?
Mai magani da lasifika a bakin Kurmi
ya rantse kwana bakwai zai wanke ni tas.
Na wuce shi, na auno acca mudu guda da ɗanyar kuɓewa.

Yanzu bayan la'asar nakan taka har gindin Dala,
in huta, in dawo, in sha ƙwayata.
Jikata Uwani ke soka min yatsa da safe,
ta karanta lambar da ƙarfi kamar sakamakon jarrabawa.
Wata rana mu ci, wata rana mu faɗi,
kamar ranar da na saci masa biyu a gidan suna.

Zanin da ke ƙin haɗuwa ya zagaye ni har da rara.
Kilo bakwai sun tafi ba sallama.
Gwiwa ta daina ƙara a sujada.

Gurasa kuwa ba mu rabu ba.
Ran Juma'a nakan yagi kwata,
in tauna a hankali, ido rufe.
Sai yanzu na san ɗanɗanon abin da nake sayarwa.