Maɓallin Ɗan Dakata

Ƙarfe ɗaya na dare a Mabera,
janareton maƙwabci ya yi shiru, nawa na tari.
Ni kaɗai, da kwamfuta, da muryar Sahabi
wadda nake wa kwalliya tun la'asar.

Shi ya ce: "Sa mini amsa-kuwwa,
in zan kamar daga rijiya nika magana.
Inda na karkace kuma ka miƙe min."
Na sa. Na miƙe. Na goge, na shafa mai.
Kaya bakwai na jibga wa murya ɗaya
kamar jakin albasa ranar kasuwa.

Har kunnena ya gaji da zaƙi.

Akwai wani maɓalli a gefen allo,
bai fi ƙwayar wake ba.
Ba ya gogewa, ba ya ɓatawa,
cewa kawai yake: ku ɗan jira a waje.
Na danna.
Fitilu bakwai kore suka koma toka.

Sai ga Sahabi.
Sahabi mai facin taya na Gawon Nama,
da dishewar wuni guda a bakin titi,
da iskar da ke zurarewa ta giɓinsa
duk sanda ya ce "sannu".
Ga kukan fankata da na rantse na cire.
Ga mai shayi can ƙasa yana kaɗa ƙwai.
Ga numfashi, dogo, kafin baiti na uku,
irin na wanda zai ɗaga buhu shi kaɗai.

A baitin nan ne ya ambaci Inna.
Muryar ta tsage a tsakiyar kalma
kamar ƙwarya ta faɗi kan daɓe.
Da azumin bana aka kai ta.
Ni kuwa tun la'asar na ɗinke wurin,
manhaja ta ja shi, ta daidaita, ta yi sumul,
har na yaba wa kaina gwaninta.

Na mayar baya. Na sake ji.
Sau nawa? Man janareto ya sani.

Ba a barin maɓallin a danne, na sani,
aro ne, ba kyauta ba.
Masu rawa a gidan biki ba tsaga suka biya ba.
Na sake dannawa, kore ya dawo,
kowane kaya ya hau mazauninsa,
Sahabi ya koma rijiyarsa.

Amma daƙiƙa huɗu na ware,
na ce wa bakwai ɗin: nan ba ku shiga.

Da hantsi ya zo, hannu duk baƙin roba,
ya sa abin ji a kunne, yana kaɗa kai,
har ya iso wurin. Kai ya tsaya.
"Wanga wuri, mi ya same shi?"
Na ce, "Mantuwa ce. In gyara?"
Ya daɗe yana kallon takalminsa.
Ya ce, "Bar shi.
Nawa ne cikon kuɗinka?"