Tukar Jatau

Jatau mai rake na tashar Kawo
ya daina tambayata me zan yi da shara.
Kullum la'asar yakan tara mini buhu guda:
ɓawo, da gaɓa, da tukar da fasinjojin Zariya suka tofar,
ya ɗaure bakin da tsohuwar roba,
ya ce, "Malama, ga naki. Ƙudaje sun gama da shi."

Ƙudaje ba su gama ba. Haƙori ma bai gama ba.
Abin da baki ya tsotse zaƙin zaure ne;
na ƙuryar ɗaki yana nan,
an jera shi sarƙa-sarƙa, an yaɓe da ƙaro mai taurin kai,
gini ne da magini ya manta bai bar masa taga ba.
Gara ta san hanyar shiga.
Saniya ma ta sani, shi ya sa take kwana tana tuƙa.
Ni mai digiri biyu, ni ce a waje ina ta sallama.

Na shanya, na niƙa, na tankaɗe.
Na zuba asid, na datse murfin tukunyar ƙarfe,
zafi ya haura ɗari da ashirin.
Karo na farko ya fito baƙi ƙirin
kamar ƙanzon da aka manta a murhu.
Sukarin ya fito, amma da dafi a jikinsa;
yis ya ɗanɗana ya mutu.
Karo na tara aka ɗauke wuta ana tsakar dahuwa.
Karo na sha bakwai Kasham ta rubuta a littafin gwaji:
"Yau ma dai."

Ranar na koma Kakuri a ƙafa, don haushi.
Na iske Gwaggo Tambai kan tukunyar wake,
ta gutsuri kanwa ta jefa, ko kallo ba ta yi ba.
Na ce, "Ƙara wuta mana, dare ya yi."
Ta ce, "Wake ba ya jin tsawa.
Sassauta masa riga, shi zai cire da kansa."
Sai na tuna Baba, zamanin masaƙa tana numfashi,
yana cewa zare ba ya karɓar rini
sai an yi masa wankan soda.

Muka ƙona totuwar masara, muka tace ruwan toka,
muka jiƙa garin tuka, wuta kaɗan-kaɗan,
muka tafi muka bar su su yi shawara.
Da safe ruwan ya zama shayi ba madara,
zaren ya yi haske, ya yi laushi kamar audugar katifa.
Muka sake masa 'yan almakasan nan da funfuna ke haifa,
ido ba ya ganinsu, amma kwana uku suna yanka.

Kasham ta ɗiga, ta dafa, ta ɗaga kwalba saitin taga.
Ruwan ɗorawa ya juye jan goro.
Ta ce, "Na gode Yesu." Na ce, "Alhamdu lillahi."
Yis ya ci, ya yi gyatsa har Asabar.

Abin da muka tatsa bai cika kwalbar turare ba.
Ba zai kai keke ko Kasuwar Barci ba,
ga layin mai a waje ya tanƙwara har gada.
Amma na ƙyasta ashana,
harshe ya tashi shuɗi, ba hayaƙi,
na ga fuskar Kasham ta cikinsa tana rawa.

Na kai wa Jatau labari, bakina bai iya riƙo ba.
Ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce, "Ashe."
Washegari ya zauna a kansa, ya harɗe ƙafa:
"Ɗari biyar, Malama. Ban da kuɗin roba."

Na taya ɗari uku.
Ya ɓare rake, ya tauna a hankali,
ya tofa tukar a tafin hannunsa,
ya saka a aljihu.